Wasiƙar shaida ta shiga makarantar lauyoyi a Amurka: wa zan roƙa, kuma ta yaya?

Fatan_Alheri:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka taɓa bin hanyar nan, don wlh abin ya tsaya min a rai kwana biyu, ko barcin kirki bana yi.

Inaso in nemi JD, wato digirin zama lauya, a Amurka a zangon neman shiga da za a buɗe cikin Satumba. LSAT, jarrabawar shiga makarantar lauyoyi, na zauna sau biyu, na biyun Alhamdulillah makin ya yi kyau ba ni da ƙorafi. Na buɗe akawunt a LSAC, hukumar da ake bi ta hannunta a nemi shiga, na biya CAS, tsarinsu na tattara takardun mai nema a aika wa makarantu, jami'ar da na gama ma ta aika musu tiranskirif ɗina. Saura wasiƙun shaida, wato rekomendeshan, to nan ne na tsaya cak.

Shekara 6 kenan da na gama digirin farko, kimiyyar siyasa na karanta kuma ba a Amurka ba. Ajinmu ya haura mutum 200, ni kuma ba mai yawan magana a aji ba ce, in zauna a gefe in rubuta abina in tafi. Malami ɗaya ne zan iya rantsewa ya san ni, wanda ya duba furojet ɗina na shekarar ƙarshe, mun sha zama da shi a ofis yana jan min layi da jan biro, amma tun ranar da na karɓi sakamako ko gaisuwa ban sake aika masa ba, yanzu kunya nake ji in faɗo masa da buƙata bayan shekara 6. Kuma shi dakta ne kawai, bai kai farfesa ba.

Sai na je wajen shugaban sashenmu, farfesa ne babba sunansa ya zaga, A na ci a kwas ɗinsa. Ya karɓe ni hannu biyu amma na lura bai tuna ni ba, da na faɗi abin da ya kawo ni sai yace "ba komai, je ki rubuta abin da kike so ki kawo in sa hannu". Na fito ina murna, ina zuwa gida jikina ya yi sanyi.

Akwai kuma aminin babana, tsohon alƙali ne ya yi ritaya, shi da kansa yace zai rubuta min, kuma su Baba gani suke an gama magana tunda makarantar lauyoyi ce ga alƙali zai sa hannu. Ya san ni tun ina goye amma bai taɓa ganin ko shafi ɗaya na rubutuna ba. Sai ogana a wurin aiki, shekara 4 ina ƙarƙashinsa, ya san aikina ciki da waje, sai dai bai san ina shirin tafiya ba kuma ina tsoron in faɗa masa tun yanzu.

To cikin mutum huɗun nan su wa zan ɗauka? Shin laifi ne in rubuta da kaina farfesa ya sa hannu? Sannan akwai wurin da LSAC ke tambaya ko na yafe haƙƙina na ganin wasiƙar, wannan ma bansan me zan zaɓa ba. Na gode, Allah ya saka.

Gimbiyar_Karatu:

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ina shekara ta biyu a JD yanzu, ni ma digirina na farko ba a nan na yi ba, kuma da na karanta saƙonki kamar ni ce na rubuta shi shekara 3 da suka wuce.

Daktan nan da kike jin kunyarsa, shi ne mutuminki. Shi za ki fara nema yau ba gobe ba.

Bari in gaya miki dalili. Wanda zai buɗe fayil ɗinki a ofishin ɗaukar ɗalibai ya riga ya ga makin LSAT ɗinki, wani adadi tsakanin 120 da 180, ya ga tiranskirif. To mu da muka yi digiri a wajen Amurka da Kanada akwai wani abu da ya shafe mu, LSAC ba ta lissafa mana GPA, wato matsakaicin maki, irin nasu, tantance takardun ake yi a ba su wani mataki na jimla kawai, daga mafi kyau zuwa ƙasa da matsakaici. Kinga mai karatun nan bai san nauyin A a jami'arku ba, bai san ko malaminku mai rowar maki ba ne ko mai rabawa. Abin da yake so ya ji daga bakin wani shi ne yarinyar nan za ta iya zama da shari'o'i shafi 40 ko 50 a dare ɗaya ta tsamo hujjar da ke ciki? In malami ya kira sunanta a aji ba shiri ya yi ta juya mata tambaya, tunda haka ake koyarwa a shekarar farko, za ta tsaya ko za ta rushe? In aka ce mata hujjarki ba ta tsaya ba, tana gyarawa ko fushi take yi? Tana iya rubutu? Mutumin da ya yi wata da watanni yana jan miki layi da jan biro shi kaɗai ke da amsar waɗannan. Muƙaminsa ba ya cikin lissafi, ni a ajinmu akwai waɗanda mataimakin malami ne ya rubuta musu, ɗalibin digiri na uku da ya riƙa duba musu aiki, kuma sun shigo.

Wasiƙar alƙali kuwa ki yi tunanin me zai ce. Na san mahaifinta shekara 30, yarinya ce mai tarbiyya da ladabi, gidansu gidan mutunci ne. Duk gaskiya ne, amma ba amsar tambayarsu ba ce, kuma tana iya sa mai karatu ya fara tunanin to duk cikin malamanta ba wanda ta samu ne sai abokin babanta? Makarantun da kansu sun faɗa a fili. Yale tace ta fi son wasiƙu daga malaman da suka koyar da mutum suka san aikinsa na karatu, aƙalla biyu. Harvard biyu take buƙata, tana karɓar har uku, kuma tana ba da shawara mai ƙarfi ɗaya a ciki ta fito daga ɓangaren karatu. Stanford kuma an san ta da son wasiƙar da aka rubuta dominta ita kaɗai ba ta gama-gari ba. Ki shiga shafin kowace makaranta da ke jerinki ki karanta da idonki kafin ki tura, don kowace da adadinta.

Maganar kunya, ga yadda tawa ta kasance. Na tura wa malamata imel bayan shekara 4, gajere mai ladabi, shiru sati uku. Na ɗauka ta manta ni ko ta yi fushi. Sai wata rana ina kwashe kaya na ci karo da tsohuwar takardar da na rubuta a kwas ɗinta, shafi na uku ta zagaye sakin layi guda da jan biro ta rubuta a gefe cewa wannan hujjar ba ta da ƙafa, ki sake. Ina da wadda na sake ɗin ma a ƙasanta, wadda ta ba ni maki mai kyau. Na ɗauki hoton shafukan biyu da waya na tura mata, nace Malama ni ce wadda kika ce hujjarta ba ta da ƙafa a shekara kaza, ga ta kafin gyara ga ta bayan gyara, tun ranar nan ban ƙara rubuta wani abu ba tare da na tambayi kaina ina ƙafarsa ba, yanzu ina so in karanta shari'a. Wlh a daren ta amsa. Sunana bai tuna mata komai ba a imel na farko, rubutun hannunta ne ya dawo mata da ni.

Don haka ki nemo furojet ɗin nan, in kina da kwafin da ya yi wa gyara ya fi, ki fara da gaisuwa da ban haƙuri kan shirun da kika yi, layi biyu ya isa kar ki cika, sannan ki shiga magana. In za ki iya zuwa ido da ido ki je.

Yadda ake turawa ba wuya. A akawunt ɗinki na LSAC za ki sa sunansa da imel ɗinsa, su za su aika masa saƙo mai ɗauke da inda zai ɗora wasiƙar, ba ta bi ta hannunki. Ki gaya masa ya sa hannu kuma ya rubuta a takarda mai tambarin jami'a, sannan ki sanar da shi ranar da kika danna, don saƙon yakan faɗa cikin akwatin tarkace mutum bai gani ba.

Dan_Gaggawa:

Ni fa gaskiya ina ganin kuna wahalar da yarinyar nan. Farfesa babba yace ki rubuta ya sa hannu, ai gata ya yi miki, wa ya san ki fiye da kanki? Mutane da yawa haka suke yi, malaman nan ba su da lokaci, ko kin bar masa ma layi biyar zai rubuta miki ya ce kina da hali mai kyau shikenan. Gara ki zauna ki tsara abinki yadda ya kamata, ya karanta in ya yarda ya sa hannu, tunda ya sa hannu ai maganarsa ce. Ki haɗa da ta alƙali, farfesa ɗaya alƙali ɗaya, wa zai ƙi kallon wannan fayil ɗin? Shi daktan shekara 6 ba ko gaisuwa, kina zuwa zai gane don buƙata kika zo.

Mai_Alli:

Salamu alaikum. Ni malami ne a jami'a, na daɗe ina rubuta irin waɗannan wasiƙu, to bari in yi magana daga ɗaya gefen teburin.

'Yata, da farko ki cire maganar kunyar nan. Mun sani sarai ɗalibi don buƙata yake dawowa, kuma ba ma jin haushi, aikinmu ne, kuma ba abin da ke faranta min rai irin in ga saƙon wanda na duba wa furojet yana cewa zai ci gaba da karatu. Abin da ke ɓata min rai shi ne a zo min ana saura kwana 4 a rufe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki ba shi wata biyu in da hali, sati 6 mafi ƙaranci, ki kuma kauce wa lokacin da yake tsakiyar duba jarrabawa.

Malam Dan_Gaggawa, ban yarda da kai ba, kuma zan faɗi dalili. Abu na farko, mutanen da ke karanta fayil ɗin nan dubbai suke karantawa a shekara, kuma wasiƙar tana gefen rubutun da ɗaliba ta yi game da kanta. Kowa yana da yadda yake jera magana, kalmomin da yake so, kurakuran da yake maimaitawa. In murya ɗaya ce a takardun biyu ana ji, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Na biyu ya fi nauyi. LSAC tana da tsarin binciken maguɗi a neman shiga, kuma wasiƙar da ba ta gaskiya ba tana cikin abubuwan da suke ɗauka a matsayin maguɗi, in aka tabbatar ana sanar da makarantun da mutum ya nema. Wannan kuma hanyar zama lauya ce, bayan an gama karatu kafin a ba mutum lasisi a kowace jiha akwai binciken hali da cancanta, kuma abin da ya faru a lokacin neman shiga makaranta yana iya biyo shi har can. Shekara 3 na wahala da kuɗi mai yawa, a ɗora su a kan takardar da ita ta san ba farfesa ne ya rubuta ba? Na uku kuma, ko da ba a taɓa ganewa ba, ɗalibi bai iya rubuta wa kansa wasiƙa mai kyau ba. Ko dai kunya ta sa ya rage, ko ya cika yabo marar tushe. Ba zai iya cewa "cikin ɗalibai kusan 60 da na duba wa furojet tana cikin uku na sama" ba, don bai ga sauran 59 ɗin ba. Wannan jimlar kuwa ita ce mafi tsada a duk wasiƙar.

Idan malami yace je ki rubuta, a mafi yawan lokuta abin da yake nufi shi ne ban tuna ki ba kuma ba ni da abin faɗa. Amsa ce ya ba ki cikin mutunci. Ki gode masa ki bar shi. In kuma dole sai shi, to ki koma ki ce ranka ya daɗe ka'idarsu ba ta yarda in rubuta da kaina ba, amma ga takardun da za su taimaka, ko za ka ba ni minti 20 mu zauna. In ya ƙi zaman nan kin samu amsarki.

Amma akwai gaskiya ɗaya a maganar Dan_Gaggawa, maganar layi biyar. Malamai da yawa da ba su saba da tsarin Amurka ba suna rubuta gajeriyar takarda, wance ɗalibata ce daga shekara kaza zuwa kaza, tana da hali nagari, ina ba da shaidarta. A wurinsu sun yi abin da ya dace. A wurin mai karatu a can kuwa wannan wasiƙa ce mai sanyi, kamar malamin ya rasa abin faɗa ne. Maganin wannan a hannunki yake, ba tare da kin rubuta masa ko jimla ɗaya ba. Ki haɗa masa kaya: furojet ɗin, tiranskirif, CV, daftarin rubutun da kika yi game da kanki ko da bai kammala ba, jerin makarantu da ranar da kike so wasiƙar ta shiga. Sannan shafi ɗaya na tunatarwa, wane kwas, wace shekara, me kika rubuta a kai, ina kuka yi saɓani da shi, wane babi ya sa kika rushe kika sake. Ki gaya masa a fili cewa can suna son shafi ɗaya zuwa biyu, da misali na zahiri, da kwatanta ki da sauran ɗaliban da ya koyar. Ba raini ba ne, ni kaina wata ɗaliba ce ta fara nuna min wannan kuma na gode mata.

Wani abu kuma, kar ki tambaye shi "za ka rubuta min wasiƙa?" don kusan kowa zai ce to saboda kara. Ki ce Malam kana ganin ka san aikina sosai har za ka iya rubuta min mai ƙarfi? Kin buɗe masa ƙofar da zai fita ba tare da kunya ba. Na taɓa ce wa ɗalibi a'a a kan wannan tambayar, na kuma nuna masa wanda ya fi ni saninsa, ya fi masa alheri nesa ba kusa ba.

Batun yafe haƙƙi, ki yafe. Asalinsa wata doka ce ta Amurka ta 1974, FERPA, wadda ta ba ɗalibi damar ganin takardun da makarantar da ya shiga ta ajiye a kansa. In kin ƙi yafewa, makaranta za ta karanta wasiƙar da sanin cewa malamin ya rubuta ne yana tunanin za ki gani, sai nauyin yabon ya ragu. Wasu malaman ma ba sa rubutawa sam in ba a yafe ba. In kina tsoron abin da mutum zai faɗa a bayan idonki, to ba shi ya kamata ki roƙa ba tun farko.

Fatan_Alheri:

Allah ya saka da alheri Anti Gimbiya, Malam na gode ƙwarai, wlh kamar an sauke min dutse. Na bincika ɗazu na samu furojet ɗin a cikin wani tsohon akwati, har da kwafin babi na biyu da ya sa na sake sau uku, jan biron duk ya dushe amma ana karantawa. Daren nan zan rubuta masa in sha Allah.

To saura ta biyu. In na ajiye farfesa na ajiye alƙali, malami ɗaya kenan gare ni, kuma naga kin ce wasu sun fi son biyu daga malamai. Ogana ne kawai ya rage, shi kuma in na faɗa masa yanzu ban samu shiga ba fa? Akwai ƙarin girma da ake maganarsa a ƙarshen shekara, ina tsoron in rasa nan in rasa can. Sannan yaya zan yi da su Baba a kan maganar alƙali, don mutumin ya riga ya yi tayi, ƙin karɓa kamar cin fuska ne.

Lauya_Mai_Jiran_Kira:

Ƙanwata, ni na yi aiki shekara 5 kafin in koma karatu, yanzu na gama ina aiki, to wannan ɓangaren na san shi.

Wanda ya yi shekara 6 da barin aji ba a sa ran duk wasiƙunsa daga malamai za su fito, makarantu da yawa sun rubuta haka a shafinsu, cewa wanda ya daɗe da gamawa zai iya kawowa daga wurin aiki. Ni a ganina ma in babu ko ɗaya daga inda kika yi shekara 4 sai an yi tambaya a zuci. Ɗaya daga dakta ɗaya daga wurin aiki haɗi ne mai kyau. In kina da wata makaranta a jerinki da ta nace kan malamai biyu, ki tambayi daktan da kansa wa kuma yake ganin zai tuna ki a sashen, su sun san junansu, wataƙila akwai wanda ya zauna a teburin kare furojet ɗinki.

Maganar oga ke kika san shi, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ki lura da lissafin lokaci, in kin nema a Satumban nan karatu sai Agustan baɗi zai fara, kusan shekara guda kenan kina nan. Ni haka na faɗa wa tawa ogar, na same ta ita kaɗai bayan an tashi nace ina so ki ji daga bakina kafin kowa, ba yanzu zan tafi ba, kuma in ban samu ba ina nan, ina roƙon maganar ta tsaya tsakaninmu. Ta yi shiru ta ɗan jima tana juya biro a hannu, sannan tace yaushe ake so. In kuma zuciyarki ba ta kwanta da shi ba kar ki tilasta, ba dole sai wanda ke samanki a yau ba, wanda ya taɓa shugabantarki ya koma wani wuri ya isa, ko wani babba da kuka yi aiki tare ya ga rubutunki. Abin da ake so dai ya zama wanda ya duba aikinki ne, ba abokin zama ba. Shi ma ki haɗa masa kaya irin wanda Malam ya faɗa, don mutanen ofis sun saba rubuta tana zuwa da wuri tana da haɗin kai, alhali abin da ake nema rahoton da kika rubuta, matsalar da kika warware, ranar da kika kawo hujjar da ta sa aka sauya shawara.

Alƙali kuma ban ce ki watsar da shi ba, a nan na ɗan bambanta da Gimbiya. Wasiƙarsa ce ba ta da amfani, shi kansa yana da shi sosai. Ki je ki gaishe shi ki ce Baba makarantun sun ce daga malaman da suka koyar da ni da wurin aikina suke so, amma ina roƙon ka karanta min rubutun da na yi game da kaina ka gyara min. Kin girmama shi, kin faɗi gaskiya, kuma mutumin da ya shekara da shekaru yana sauraron lauyoyi zai gane inda maganarki ta yi rauni cikin minti biyar.

Sai abu biyu da ke kayar da mutane a LSAC. Wasiƙa ta iso akawunt ɗinki ba yana nufin ta tafi makaranta ba, sai kin shiga da kanki kin haɗa kowace wasiƙa da kowace makaranta. Ni sai da na yi sati biyu ina jira ina mamakin me ya sa wata makaranta ke nuna fayil ɗina bai cika ba, ashe wannan ne. Kuma in an rubuta wata domin makaranta ɗaya da sunanta a ciki, ki sa mata bayanin da zai bambanta ta don kar ki aika wa wata daban. Na biyu, yawancin makarantun suna karanta fayil suna ba da gurbi tun ana cikin karɓa, ba sa jiran ranar rufewa, kuma ba sa duba naki sai adadin wasiƙun da suka ce ya cika. Wanda nasa ya cika a Oktoba ko Nuwamba ya tarar da kujeru da kuɗin sikolashif fiye da wanda ya cika a Fabrairu. To ranar da za ki ba malamai ba ranar rufewar makaranta ba ce, taki ce da kika yanka, ki tuna musu ana saura sati biyu, ki sake ana saura kwana uku, cikin ladabi. Ki kuma tanadi mutum na uku a gefe ko da wani zai yi shiru. Wasiƙun suna zama a fayil ɗinki na CAS, wanda ke aiki shekara 5, in ma ba a dace bana ba za ki iya amfani da su baɗi, sai dai ki sanar da masu su ko za su sabunta.

Dan_Gaggawa:

To na ji, maganar binciken lasisi ban san da ita ba gaskiya, na janye batun rubutawa da kai. Amma har yanzu ina ganin in daktan ya yi shiru kar ta zauna jiran tsammani, ta koma wa farfesa da takardun nan ta nemi zaman minti 20 ɗin, ba a san inda rana za ta faɗi ba.

Fatan_Alheri:

Na dawo da labari. Na tura masa daren jiya da hoton shafin farko na babi na biyu, inda ya rubuta "ina shaidarki?" har sau huɗu a gefe ɗaya. Da safen nan ina hanyar aiki sai ga kira, lambar da ban sani ba, ina ɗauka naji muryarsa, wlh sai da na tsaya a gefen hanya. Yace ya tuna furojet ɗin sarai, har ya tuna gardamar da muka yi kan babi na huɗu wadda ni na manta. Na yi masa tambayar yadda Malam ya koya min, ko zai iya rubuta mai ƙarfi, yace zai iya, amma bai taɓa rubuta wa makarantar Amurka ba don haka in turo masa duk abin da suke so a rubuce. Ya kuma ambaci wata malama da ta koyar da mu dabarun bincike, yace ita ce ta biyu a teburin ranar da na kare furojet, zai yi mata magana kafin in tuntuɓe ta.

Mun yanka ƙarshen Satumba. Yau da dare zan haɗa masa kayan in sa sunansa a LSAC. Oga kuma na yanke zan same shi ranar Alhamis bayan an tashi. Malam Mai_Alli, shafin tunatarwar nan in na gama zan iya turo maka ka duba min kafin in aika masa, don kar in wuce gona da iri ya zama kamar ni nake rubuta wasiƙar?

Mai_Alli:

Turo 'yata. Ki rubuta abin da ya faru kawai, kwas, shekara, babi, me yace me kika yi. Duk inda kika ga kin sa kalmar yabo a kanki ki goge ta, wannan nasa ne.